Ƙara wa kwamfutar gem ƙarfi da kuɗi kaɗan: kati, RAM ko fawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar tebur haɗin gida: furosesa Core i5-6500, bod H110, RAM 8GB guda ɗaya, katin girafik GTX 750 Ti mai 2GB, da fawar (akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta) da ta zo da kesin, an rubuta mata 500W. GTA V yana tafiya lafiya, amma FC 24 da Warzone sai fizga da tsaitsayawa. Kuɗin da na tara daidai kuɗin RTX 3060 na hannu ne, babu canji. In saye shi, ko akwai abin da ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kyauta da ka jero kayan cikin kwamfutar ɗaya bayan ɗaya, domin da su ake iya ba da amsa mai amfani. Shawarata ita ce kada ka sayi RTX 3060 da kuɗin nan. Katin ba shi da laifi, amma wat 170 yake ja, kuma Nvidia, kamfanin da ya yi shi, da kanta fawa mai 550W ta ce a haɗa masa. Idan ka ƙarar da abin hannunka a kansa, za ka dawo gida ka tarar wataƙila fawarka ko wayar da za ta ba shi wuta ba ta da ita, RAM yana nan yadda ka bar shi, fizgar da ta dame ka kuma ba ta je ko'ina ba. Ka raba kuɗin gida uku: RAM na biyu, fawa ta ƙwarai, sauran kuma ya tafi ga katin da bai kai 3060 tsada ba.

Kafin ka taka kasuwa, yi abin da ba ya cin ko sisi. Sauke manhajar MSI Afterburner, ka kunna masa nuna lambobi a saman allo yayin da kake buga gem: aikin kati, aikin furosesa, RAM nawa aka cinye, da ƙwaƙwalwar kati nawa ta cika. Ka buga minti goma a wurin da fizgar ta fi yawa. Idan kati yana kan 97 zuwa 99 cikin ɗari, furosesa kuma tana da sauran numfashi, kati ne ya gaza. Idan furosesa ta maƙale a 100, kati yana shawagi a 60 ko 70, to furosesar ce ta riƙe shi, kuma ko wane kati ka kawo haka za ta riƙe shi. Idan RAM ya haura 7GB cikin 8 ɗin nan, ka samo babban dalilin tsaitsayawar. A kwamfutarka ina sa ran ka ga dukkan ukun, kowanne a gem ɗinsa.

Cewa katinka ya tsufa babu musu. GTX 750 Ti na 2014 ne. EA, mai yin FC 24, ta rubuta cewa mafi ƙarancin abin da gem ɗin yake buƙata shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570, da furosesa i5-6600K, da RAM 8GB. Wanda ta fi so kuwa GTX 1660 ne da RAM 12GB. Ka ga katinka yana ƙasa da layin, furosesarka tana dab da shi, RAM ɗinka kuma a kan layin yake cif, babu rara.

Na fara da RAM ne saboda shi ya fi araha a cikin ukun, kuma shi mutane suka fi rainawa. Matsala biyu gare ka a nan. Ta farko yawa: tun kafin ka buɗe gem Windows ta riga ta ɗebi rabonta daga 8GB, idan kuma ya cika sai kwamfuta ta koma ajiye saura a kan faifai, wanda saurinsa ko kusa bai kai na RAM ba. Wannan ɗan tsayawar da kake gani idan ka juya kyamara da sauri ko ka shiga sabon wuri, sau da yawa daga nan take. Ta biyu hanya: furosesarka hanya biyu gare ta zuwa ga RAM, amma da guda ɗaya a jikin bod hanya ɗaya kawai take bi. DDR4 mai gudun 2133 yana wuce da kusan 17GB a daƙiƙa ta hanya ɗaya. Ka sa na biyu ya zama kusan 34. Shi ya sa 8 da 8 ya fi 16 guda ɗaya, ko da mai shago ya ce maka duk 16 ne.

Kada ka je sayen RAM da ka. Ciro wanda ke jikin kwamfutar ka karanta takardar da ke manne a kansa, ko ka buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kayan cikin kwamfuta, ka duba. Za ka ga rubutu irin wannan: 8GB 1Rx8 PC4-2133P-UA1. PC4 yana nufin DDR4. Idan PC3 ko PC3L ka gani to DDR3 ne, domin akwai bod H110 da aka yi su da ramin DDR3, kuma biyun ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke ƙasansu ba a wuri ɗaya take ba. Harafin farko na kashin ƙarshe, wato U ɗin da ke cikin UA1, shi ma ka lura da shi. U na kwamfutar tebur ne. R na manyan kwamfutocin sabar ne, ana samun sa da araha, yana shiga ramin daram, amma kwamfutarka ba za ta tashi da shi ba. Gajeren nan na laftof ma ba naka ba ne. Batun gudu kuwa, kada ka ƙara ko naira don mai gudun 3200: i5-6500 a kan H110 a 2133 zai tafiyar da shi duk abin da aka rubuta a jiki. In ka samu mai 2400 ko 2666 a farashi ɗaya, ɗauka, zai sauko ya daidaita da ɗan'uwansa. Yawancin H110 rami biyu ne gare su, saboda haka babu ruɗani kan inda za ka sa. 32GB kuma ba yanzu ba. Farashin DDR4 ya tashi sosai a 2025 bayan manyan masu ƙera shi sun fara rage yin sa, wannan ma dalili ne na tsayawa a guda ɗaya mai 8GB na hannu. RAM ba kasafai yake lalacewa ba, na hannu ba abin tsoro ba ne, amma ka bar MemTest86, manhajar gwada lafiyar RAM, ya zagaya shi ko sau ɗaya ne kafin kwanakin da mai shago ya ba ka su cika.

Yanzu fawa, kuma a nan nake so ka ba ni hankalinka, domin ita ce kaɗai a cikin kayan nan da idan ta mutu takan tafi da wasu. Lambar 500W da aka buga da manyan haruffa ba ita ake dubawa ba. Buɗe gefen kesin ka haska tocila a kan takardar jikin fawar. Akwai ɗan jadawali mai +3.3V, +5V da +12V, a ƙarƙashin kowanne an rubuta amfiya. Kati da furosesa daga +12V suke sha. Ka ninka amfiyar da 12. Idan ka ga 18A, wat 216 ke nan, ga ainihin ƙarfin fawarka mai suna 500W, idan ma takardar ta faɗi gaskiya. Fawa ta ƙwarai mai 500W za ka ga +12V ɗinta ya doshi 40A. Ka ɗaga ta a hannu ma: irin waɗanda ke zuwa kyauta da kesin sakayau suke, wayoyinsu sirara, ka leƙa ta ragar fanka ka ga cikin fayau.

Sai wayar kati. Ramin da kati ke zama a jikin bod wat 75 yake bayarwa, shi ya sa 750 Ti mai wat 60 bai taɓa neman ƙarin waya ba, shi ya sa kuma fawarka ta yi shekaru ba ta tona kanta ba. Katin da ya wuce haka sai an ja masa waya daga fawa kai tsaye: mai baki 6 tana ƙara wat 75, mai baki 8 tana ƙara 150. Idan fawarka ba ta da ita, za a nuna maka wata 'yar wayar haɗi da ke ɗaukar wuta daga bakin SATA ta mayar da shi baki 6 ko 8. Don Allah kada ka karɓa. Bakin SATA wajen wat 54 aka yi shi ya ɗauka a layin 12V. Ka ɗora masa kati mai jan ninki biyu na haka, robar za ta yi zafi, ta yi baƙi, ta narke, kuma sai ana tsakiyar gem take yin haka. Duk mai gyaran kwamfutar da ya daɗe a sana'ar ya san warin.

Ka nemi fawa mai 450 zuwa 550W daga kamfanin da aka sani, irin su Corsair, Seasonic ko Cooler Master, mai tambarin 80 Plus Bronze, mai waya 6+2 a jikinta. Tambarin yana magana ne a kan rashin ɓarnar wuta, ba shaidar inganci ba ce ɗungurungum, kuma ana buga na jabu, saboda haka ka saya inda za ka iya komawa. A cikin kaya ukun, wannan ce nake so ka saya sabuwa idan hali ya yi. Yanayin wutarmu ya ƙara wa maganar nauyi: a ɗauke, a kawo, a juya zuwa janareta, wani lokaci ta zo rabi-rabi. Fawa mai kyau tana da kariyar da ke kashe ta idan abu ya wuce kima. Marar kyau sai ta miƙa wa bod da kati abin da ya zo. In kana da UPS mai 650VA, ka sani abin da yake iya ɗauka bai kai wat 400 ba, kuma monita ma a ciki take ci.

To, wane kati? Idan allonka 1080p ne, kamar yawancinmu, zaɓina na farko RX 6600 ne. Ya fito a Oktoban 2021, yana da 8GB, wat 132 yake ja, waya mai baki 8 guda ɗaya ta ishe shi. Tazararsa da RTX 3060 a yawancin gem ba ta da yawa, a kwamfutarka ma da wuya ka gan ta, tunda furosesar za ta tsaya kafin kowannensu ya ƙure. Yana kuma iya buɗe sababbin gem da suka wajabta fasahar bin haske, irin Doom: The Dark Ages na 2025, abin da katunan GTX ba sa yi. Idan kuɗin bai kai ba bayan RAM da fawa, sauko zuwa GTX 1660 Super na 2019, mai 6GB da wat 125. Zai riƙe maka FC 24 da GTA V cikin kwanciyar hankali, Warzone kuma da setin matsakaici zuwa ƙasa.

Akwai katunan da za a tura maka gaba saboda arahar su, bari in faɗa maka ra'ayina a kansu. RX 580 mai 8GB ya cika kasuwa, kuma a zamaninsa, 2017, gwarzo ne. Amma wat 185 yake sha, wanda ga mai amfani da janareta ko sola ba ƙaramin abu ba ne, AMD, mai yin sa, ta rage kula da direbarsa (manhajar da ke tafiyar da katin) tun 2023, kuma da yawansu sun yi shekaru suna haƙar kuɗin kirifto dare da rana kafin Ethereum ta daina wannan tsari a Satumban 2022 aka juye su kasuwa. Wani abin kuma, mai yawa daga cikinsu samfurin 2048SP ne, wanda a zahiri RX 570 ne da aka canza wa suna. Lambar nan yawan ƙananan injinan lissafin da ke cikin katin ce (Shaders), cikakken 580 kuma yana da 2304. In shi kaɗai aljihu ya kai, ba haramun ba ne, amma a biya kuɗin 570. GTX 1060 da 1050 Ti kuwa, Nvidia ta fitar musu da direbar gem ta ƙarshe a ƙarshen 2025, ba zan sa kuɗi mai yawa a kansu yau ba. RX 6400 da 6500 XT layi huɗu kacal suke amfani da shi a ramin kati, kuma a tsohon bod mai PCIe 3.0 irin naka suna rasa ƙarfi a fili. Katunan Intel Arc suna son wata fasaha da ake kira Resizable BAR wadda bod ɗinka ba shi da ita, ka bar su. Kada kuma yawan GB ya ruɗe ka: GT 730 mai 4GB ko ƙafar 750 Ti ɗinka mai 2GB bai kama ba. Shi kansa 3060 iri biyu ne, mai 12GB da wani mai 8GB da aka rage wa faɗin hanya, suna ɗaya, ƙarfi daban.

Ko a titin Beirut na Kano za ka saya, ko Banex a Abuja, ko a aiko maka daga Computer Village ta Ikeja, ƙa'idar ɗaya ce: gani ya kori ji. A sa katin a kwamfuta a gabanka. Buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati: RX 6600 zai nuna 1792 a gurbin Shaders, da 8GB GDDR6. GTX 1660 Super zai nuna 1408 da GDDR6. Idan GDDR5 ka gani, 1660 ne zalla, ba Super ba, farashinsu ba ɗaya ba ne. Katin jabu da aka sauya wa suna, sau da yawa GPU-Z kan rubuta FAKE a gaban sunansa, kuma duk GTX 1050 Ti ko 1060 da ka gani da shuɗin bakin VGA a bayansa, ka yi shakkarsa. Daga nan a kunna FurMark, manhajar da ke ɗora wa kati aiki mai nauyi don gwaji, na minti goma sha biyar. Kana neman abu uku: kada hoto ya fito da ɗige-ɗige ko zane-zane masu launi, kada allo ya ɗauke, kada zafi ya yi ta hawa har ya wuce digiri 85. Fankokin katunan zamani sukan tsaya cik idan babu aiki, wannan ba lalacewa ba ce. Abin dubawa shi ne su tashi idan zafi ya hau, ba tare da ƙara ko rawa ba. Bayan an kashe, riƙe katin ka juya bayansa a haske. Idan allon ya yi ruwan ƙasa a daidai bayan babban guntun, ko ka ga maiƙo ya tsattsafo a kewayen ƙananan guntayen, ko kan sukurorin ya cinye saboda yawan kwancewa, katin ya sha wuya. Gwada kowane bakin HDMI da DisplayPort. Sannan a rubuta maka kwanakin garanti a rasit da lambar jikin katin, ko da mako guda ne. Mai kayan da ya ƙi a gwada ya riga ya ba ka amsa. Kafin ka fita daga gida ma, ka auna tsawon wurin kati a kesinka da abin awo, kada ka kawo wanda murfi ba zai rufu a kansa ba.

Ga masu karatu da kwamfutarsu irin ta ofis ce, Dell OptiPlex ko HP ProDesk, lissafin ya ɗan bambanta. Fawarsu ƙarama ce, bakin wayarta kuma na kamfanin ne, ba a musanya ta cikin sauƙi. Su sai katin da ba ya neman ƙarin waya, GTX 1650 mai wat 75 ko RTX 3050 mai 6GB da wat 70, kuma idan kesin siriri ne sai an nemi gajeren samfurin katin.

Gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba ita ce furosesarka. Kor huɗu gare ta, wato ɓangarorin aiki huɗu, kowanne aiki ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, Warzone kuma yana son fiye da haka. Bayan duk gyaran nan FC 24 da GTA V za su canza maka sosai, Warzone zai yi sauƙi amma ba zai zama sumul ba a wuraren cunkoso. Dabarar ita ce ka ƙayyade FPS, wato yawan hotuna a daƙiƙa, a 60, ka ɗaga kyawun hoto yadda nauyin zai koma kan kati, ka rufe burauza da sauran manhajoji kafin ka fara. Za a ce maka ka sa i7-6700 ko i7-7700, masu ɗaukar aiki takwas a lokaci guda. Suna hawa bod ɗinka, na biyun sai an sabunta BIOS, manhajar da ke cikin bod ɗin kansa, kuma suna taimakawa, amma sai in ka same su a ɓagas. Taka ta ƙarni na 6 ce. Furosesar ƙarni na 8 ba ta aiki a H110 duk da raminta da na bod ɗinka duk 1151 ne sunansu. Ba na son ka zuba kuɗi a wannan bod, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, jerin furosesar da Windows 11 ta amince da su a hukumance kuma daga ƙarni na 8 ya fara. Wata rana dole ka canza bod da furosesa, misali Ryzen 5 5600 a kan B450 ko B550, ko i3-12100F a kan H610 mai ramin DDR4. Ranar nan RAM ɗinka biyu, fawarka da katinka duk za su bi ka sabon gida. Wannan ne babban dalilin da ya sa na tsara maka sayayyar haka.

Wajen haɗawa, bi su ɗaya-ɗaya, kada ka canza uku a zama guda ka rasa wanda ya kawo matsala idan ta ƙi tashi. Zare wayar wuta, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu wutar da ta saura ta fita, ka taɓa ƙarfen kesin kafin ka taɓa kaya, musamman lokacin hunturu da jiki ke tara tartsatsi. Sa RAM, ka danna har maƙallan su yi ƙas, kunna ka tabbatar CPU-Z ya nuna 16GB da hanya biyu. Sai fawa. Kafin ka cire tsohon kati, yi amfani da manhajar DDU ka goge direbar Nvidia gaba ɗaya, musamman idan AMD za ka koma, sannan ka sauke sabuwar direba daga shafin kamfanin. Wayar monita a jikin kati ake sa ta, ba a bakin da ke jikin bod ba. Idan monitarka VGA kaɗai ta sani, sayo abin juya HDMI zuwa VGA tun a kasuwa, domin katunan nan ba su da wannan baki. Tunda ka riga ka buɗe kesin, hure ƙurar da ta toshe fankar furosesa, ka sabunta man da ke tsakaninta da ƙarfen sanyaya, ka kuma ɗaga kwamfutar daga ƙasa zuwa kan tebur.

Ba ka faɗi irin faifan da ke ciki ba. Idan har yanzu mai juyawa ne, sayar da 750 Ti ɗin ka cika ka sayi SSD, faifan da ba ya juyawa kuma ya fi sauri, mai 500GB na SATA, ka mayar da Windows da gem ɗin da ka fi bugawa kansa. Ba ka buƙatar ajiye tsohon katin don ko-ta-kwana, domin i5-6500 tana da nata girafik a ciki, HD 530, wanda zai ba ka hoto duk ranar da kake son gwada wani abu ba tare da kati ba.